Sabon Takalmin Bube

Cikin Bara'atu ya tsufa, kuma na fari ne, don haka a gidan iyayenta a Tambuwal ya kamata ta haihu. Sai ƙafafunta suka kumbura har tafiya ta gagare ta. Mijinta Bube ya taso daga Kebbe da kansa don ya tafi da uwarta, Kulu, ta zauna da ita har a gama wankan jego.

A makon aka yi ruwan shuka. Kowa na gona, babu ayarin da za a bi. Abokin tafiya ɗaya suka samu, Na'iya ɗan koli, tsoho mai yawon kasuwanni da burgamin allurai da kwalli rataye a baya. Taubashin Kulu ne, tun suna yara ba su taɓa gaisawa babu zagi a ciki ba.

Da aka idar da sallar asuba, Bube ya tsuguna a ƙofar gida yana ɗaure kayan surukarsa: kanwa, yajin jego, daddawa, zannuwa, da majanyin saƙi da ta ajiye tun ranar bikin 'yarta. Dogo ne mai sanyin murya, manomi da 'yan shanu. A ƙafarsa akwai sabon takalmi na jan kirgi. Kulu na fitowa daga zaure ya zare shi, ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa a ƙasa. Sannan ya cusa takalmin ƙarƙashin igiyar kayan, ya aza gammo, Na'iya ya taya shi ɗauka.

Haka ake yi, ba shi ya fara ba. Suruki ya haɗu da surukarsa, ya tuɓe takalmi, ya gaishe ta, ta wuce, ya mai da abinsa. Waɗanda suka ƙago abin, don haɗuwar lungu da bakin rijiya suka ƙago shi. Babu wanda ya zauna ya yi tunanin yadda za a yi in haɗuwar ta wuni guda ce. Da a wata shekara ce, da Bube ya yi gaba har ya ɓace wa idonta, ya sa takalminsa, ya jira su a ƙofar gari. Amma a lokacin ana ta maganar mahayan Kabawa na tare hanya, sai Na'iya ya ce kada wanda ya rabu da wani. Bube a gaba, Na'iya a tsakiya, Kulu a baya da gorar ruwanta, tana kallon tafin ƙafar mijin 'yarta yana tashi yana sauka.

Sun bar gonakin Tambuwal a baya kafin ta yi magana.

"Kai, ɗan koli, ce ma yaron ga shi sa takalminai."

Ba za ta faɗa masa da kanta ba. Bara'atu 'yar fari ce, ko sunanta Kulu ba ta kamawa, balle na mijinta.

"Shina jin ki ai," in ji Na'iya. "Kunnuwanai ba su cikin kaya."

"Ce mai dai."

"Bube, baiwar gidanmu ta ce ka sa takalmi."

"To, Baba," in ji Bube. Bai tsaya ba.

Na'iya ya waiwayo yana dariya. "Ke ba ki saba a girmama ki ba, shi yas sa abin ka damunki."

"Wa za shi girmama ni ina tafe da kai?"

"Ni dai na ɗauko ki na don Kabawa. In sun tare mu in ba su ke, su gudu."

"Su ga burgaminka su ba ka sadaka dai."

Da hantsi ya ɗaga suka bar rairayi suka hau wani tudu mai marmara da tsakuwa, sabuwar ciyawa na leƙowa tsakanin duwatsu. Mai kaya a kai ba ya duban ƙasa, in ya sunkuya kayan sun zube. Gabansa yake kallo, ƙafa ce ke neman hanya da kanta. A nan Kulu ta ji wata ƙara siririya, kamar an ɗiga ruwa a tanda mai zafi. Bube ya yi tsalle gefe, kayan suka yi tangal-tangal, ya tare su da hannu.

"Lafiya?" in ji Na'iya.

"Ƙaya ta, Baba."

"Tsaya in cire maka. Ga allurai cike da burgami, ko guda ba ta yi aiki ba yau."

"Ta fita."

Kulu ta duba wurin da ta zo wucewa, duwatsu kawai ta gani. Ta matsa kusa da taubashinta.

"Kaj ji abin da nij ji?"

"Na ji cikinki na kuka. Ba ki karya ba?"

Ta dubi Bube. Yana tafiya sosai, kayan ba su karkace ba. Ta ci gaba da bin sa.

Rana ta take tsaka suka isa wata tsamiya mai gwafa inda fatake kan jingine kaya su huta. Bube ya jingine nasa, ya zagaya bayan itacen, don suruki ba ya ci ba ya sha a idon suruka. Na'iya ya dama fura ya kai masa, ya dawo da ƙwaryar a cike.

"Ya ce ba shi jin yunwa. Kin ga ladabi? Mu zamaninmu har ƙwaryar muka lashewa."

Hankalin Kulu na wani wuri. Sawun Bube take kallo a rairayin gindin tsamiyar. Ƙafar hagu ta fito sosai, ta dama kuwa ja aka yi. Kusa da saiwa akwai inda ya tofa yawu, yawun ja ne.

"Na'iya."

Jin ta kira sunansa na gaskiya ya sa ya ajiye ƙwaryar.

"Tafi ka duba ƙafatai. Kar ka tambaye shi, duba."

Ya zagaya. Aka ɗan jima babu motsi, sannan ta ji ya yi salati a hankali. Itacen ne kawai tsakaninsu, tana jin komai.

"Tun yaushe?"

"Tun tudun can."

"Ka gan shi?"

"Gajere na, mai zane-zane. Ban duba da kyau ba, kaya na bisa kaina."

"Mi yah hana ka faɗi?"

Bube ya sauke murya. "Inna na bayana, Baba."

Kulu ta miƙe. "Kububuwa ta?"

"Ke, ba a kiran suna. Abin ƙasa."

"Ko na kira ta ko ban kira ta ba, ta riga ta gama aikinta."

Ta taka za ta zagaya, Na'iya ya fito ya tare ta da hannu. "Tsaya inda kike. Mace ba ta tsayuwa kan wanda abin ƙasa yat taɓa, dafin tashi shika yi."

Ya zazzage burgaminsa a ƙasa. Cikin allurai da kwalli ya tsamo aska, da wata busasshiyar saiwa, da wani baƙin dutse ƙarami naɗe a tsumma. Ya yanki igiya daga kayan Kulu.

"Kar ka sa mai aska," in ji ta.

"In bar dafin ciki shi kwana?"

"Ka tuna Atu ta Dogon Daji, matar maƙeri? Wajen itace irin wagga tas sare ta. Wanzami yat tsaga ta. Ni niy yi ta sake mata tabarma, jinin bai tsaya ba har tat tafi."

"Kwananta yaƙ ƙare."

"Kowa kwananai ka ƙarewa. Ni jinin nika faɗa maka."

Na'iya ya ajiye askar a kan tsumma. Babu wasa a fuskarsa. "To, malama, na aje. Faɗi mi za a yi."

Kulu ta buɗe baki. Ta san wani makiyayi da irin wannan ta sara a daji, babu wanzami kusa, ya sha wuya ya tashi. Ta kuma san wata yarinya da ba a tsaga ba, ita ma ta mutu. Iyakar saninta ke nan. Ta san abin da take tsoro, ba ta san abin da za ta bayar a madadinsa ba. Shi kuwa Na'iya da abu a hannunsa.

Daga bayan itacen muryar Bube ta fito. "Baba, yi abin da aka yi. Kar Inna ta damu."

Na'iya ya ɗauki askarsa ya zagaya. Kulu ta koma ta zauna, bayanta jingine da tsamiyar. Ta ji an ja igiya an ɗaure. Ta ji Bube ya ja numfashi ta haƙora, ya sake ja, bai yi ƙara ba. Ta ji Na'iya na tauna saiwa yana tofawa yana karanta abin da ya sani. Sannan ta ji wani abu ƙarami ya faɗi a rairayi. Aka ɗauka. Ya sake faɗuwa.

Da Na'iya ya fito, hannuwansa ja ne har wuyan hannu.

"Dutsen bai kama ba. Cewa anka yi manne wa shika yi sai ya tsotse dafin. Jinin ka ture shi." Ya dubi tafinsa. "Ba shi da kauri, Kulu. Kamar ruwan soɓorodo."

"Sau nawa kat taɓa aza dutsen ga ma wani?"

Ya dube ta, ya kau da kai. "Wanda yab ba ni shi ya rantse min."

Ta ƙyale shi. Babu abin da faɗa zai ƙara.

"Akwai ruga gabas da nan," in ji shi. "Na taɓa kai masu kwalli. In sun ba ni takarkari mu aza shi."

"In sun tashi fa? Ruwa ya sauka."

"To sun tashi." Ya tattare rigarsa ya ɗaure a ƙugu. "Na zuba mai ƙasa bisa wurin. Kar ki matsa kusa, Kulu, na roƙe ki."

Ya bar burgaminsa a watse, ya kama irin gudun da tsoho ke iyawa, har kalgo ya rufe shi.

Daji ya yi tsit, sai ƙudaje da numfashin Bube. Kulu ta karanta abin da ta karanta. Ta dubi hanyar Tambuwal, babu kowa. Ta dubi ta Kebbe, babu kowa. A lokacin ko mahayan Kabawa ta hango da ta ɗaga musu hannu. Can ta ga wani siririn layin jini ya zagayo saiwar ta gefenta, yana bin gangare a hankali, tururuwa na kauce masa. Ta miƙe ta zagaya.

Bube na ganinta ya yunƙura zai durƙusa.

"Zauna."

Ya ja bakin rigarsa yana neman rufe ƙafar. Ba ta rufuwa. Ta kumbura har gwiwa, fatar na ƙyalli, igiyar ta nutse a ƙwauri. Ƙasar da Na'iya ya zuba ta zama taɓo, jini na tsattsafowa ta ƙarƙashi daga kowace tsaga, ba da ƙarfi ba, amma ba ya hutawa.

Ta sauke kayan daga gwafa ta kwance. Takalmin ya faɗo gefe. Ta zaro majanyin saƙin da ta ajiye wa jikanta, ta kama bakinsa da haƙori ta yage. Ta wanke taɓon da ɗan ruwa, ta ninke ƙyallen ta danna, ta ɗaga ƙafar ta aza a cinyarta.

Bube ya juyar da fuska ga itacen. "Inna, don Allah."

"Don Allah mi?"

"Bai kamata ba."

"Na wanke ƙafafun da sunka fi wagga muni. Kar ka motsa."

Yatsun sun yi baƙi, sun yi sanyi. Ta ga igiyar ce ke kashe su, ta sassauta, sai jinin ya ƙaru har ya ratso ƙyallen ya jiƙa mata yatsu. Ta mai da ɗaurin, Bube ya yi wani nishi da bai so ta ji ba. Ta sake sassautawa kaɗan ta bar shi a tsakiya, ba don ta san hakan ne daidai ba.

Leɓɓansa sun bushe sun tsage, ja na bin gindin haƙoransa. Tun asuba bai sha ruwa ba, don tun asuba tana bayansa. Ta miƙa masa gorarta da hannu ɗaya.

"Sha."

Ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe a ƙirji.

"Na ce sha."

"To, Inna."

Bai sha ba. Ta dube shi. Mutum na zubar da jininsa a cinyarta, amma ba zai bari ta ga maƙogwaronsa na motsi ba.

"Bube."

Shi ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinta, ita kanta ta ji shi baƙo. Ya razana kamar an sake saransa. Sai ta ja mayafinta da hannun da ba ya danne, ta lulluɓe kanta da fuskarta gaba ɗaya.

"Ga shi, ba ni nan. Na koma Tambuwal. Sha."

A cikin duhun mayafin ta ji an cire marfin gora. Ta ji ruwa na wucewa, yana wucewa, har ya tsaya ya yi numfashi. Sannan ta ji wata 'yar dariya mara ƙarfi.

"To hannun wa ka riƙe da ƙafata?"

"Na wata tsohuwa ta, 'yar hanya. Ba ka san ta ba."

Daga nan ba ta sake buɗe fuskar ba. Da tsohuwar hanya yana iya magana. Ya ce gonar tudu rabi ya shuka, ya bar rabi sai ya dawo. Ya ce jar saniyar nan ta Bara'atu ce, shi ya ba ta, kada 'yan'uwansa su manta. Ya ce tun da cikin ya tsufa Bara'atu ba ta son komai sai tsami, ko akwai sauran tsamiya a itacen nan? Kulu ta ce ba ta gani daga Tambuwal.

"Tana da wuya ƙwarai?" in ji shi. "Haihuwar fari?"

"Kowa tah haihu ta sha ta."

"Ƙafafunta sun yi kamar tawa ga."

"Ta fi ka taurin kai. Za ta sauka."

Ƙyallen farko ya cika, ta lalubo na biyu ta aza a kansa. Da majanyin ya ƙare ta jawo zane. Hannunta ya ƙage, ta sake hannu. Azahar ta zo ta wuce tana danne, ta yi niyyar ramawa.

"Na aiko maka ka sa takalmi," in ji ta. "Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"To?"

"Cewa nika kara ta kika yi min. Haka aka faɗi, mutum shi ce to." Sannan ya ƙara, "Da gaske kike?"

Da gaske take. Amma da kalmomin da kowace suruka ke faɗa wa kowane suruki ta faɗa, waɗanda ba a faɗarsu don a bi. Babu yadda zai gane bambancin, ita kuma ba ta da wasu kalmomin da aka yarda ta aika masa.

"Kar ki ce ma ɗiyarki don takalmi na," in ji shi.

Ta ɗaga gefen mayafin kaɗan don ta gyara ƙyalle. Sai ta ga wani tsohon tabo a ɗaya ƙwaurin, na fartanya ko na ƙaho, wanda ya daɗe da warkewa, ya buɗe yana zubarwa shi ma. Hancinsa kuma ya fara. Hannu biyu gare ta. Ta saki mayafin ya rufe ta, ta ci gaba da danne inda take danne.

Inuwar tsamiyar ta yi tsawo kafin ta ji takun sa da muryoyi. Na'iya ne da maza biyu daga rugar, sun jawo takarkari. Suka yi turus da ganin mace lulluɓe, ƙafar namiji a cinyarta.

"Wace ce wagga?" in ji babbansu, wani dattijo mai suna Almu.

"Surukatai," in ji Na'iya, da muryar da gudu ya cinye.

Almu ya dubi ɗan'uwansa. Ya tsuguna ya duba ƙafar daga nesa, ya ce da an ba shi madara da man shanu ya yi amai tun da safe da abin bai kai haka ba. Ɗayan ya ce a'a, tsagar ce ba ta yi zurfi ba, dafin na can ciki, ko yanzu a ƙara.

"Wanda yaƙ ƙara kawo aska nan," in ji Kulu daga cikin mayafi, "sai shi fara da ni."

Na'iya ya tsuguna yana tsince alluransa daga rairayi, kansa a ƙasa.

Suka aza Bube a kan takarkarin, ɗaya na ja, ɗaya na tallafe da shi. Kulu ta yaye mayafin don ta ga hanya, lokacin idonsa ya riga ya lumshe. Tana tafe a gefe, hannu ɗaya riƙe da ƙafar, ɗayan riƙe da takalmin. Na'iya na baya da sauran kayan. Har suka hango Kebbe bai ce mata baiwa ba, ita ma ba ta ce masa ɗan koli ba.

Ana kiran magariba suka shiga gari. Aka sauke Bube a zauren baffansa Ɗangiwa, nesa da mata, maza suka cika ƙofar. Wani ya karɓi ƙafar daga hannun Kulu, wani ya nuna mata hanyar gidan 'yarta.

Bara'atu na zaune a tabarma, ƙafafunta a miƙe, labari ya riga uwarta isowa. Ta dubi zanen uwar da ya bushe ya yi tauri. Ta dubi abin da ke hannunta. Ta karɓi takalmin ta juya shi. Ƙurar hanyar zuwa Tambuwal ce kawai a jikinsa.

"Don ke yas sa anka ɗunka shi," in ji Bara'atu. "Yac ce ba shi zuwa gidanmu da tsoho."

Kulu ta zauna a bakin tabarmar.

"Bai sa ba ke nan," in ji Bara'atu.

Kulu ta dubi hannuwanta.

"Sun ce mai ciki ba ta ganinai. Sun ce in na shiga dafin hawa za shi yi zuciya."

"Na ji sun ce."

Da gari ya waye aka aiko cewa jinin bai tsaya ba, kuma ya fara kiran mutanen da ba su nan. Kulu ta sa kafaɗa ƙarƙashin hammatar 'yarta ta ɗaga ta. Suka fita a hankali, suna tsayawa a kowane bango. Ɗangiwa na zaune a ƙofar zauren da mutanensa, ya miƙe.

"Haba, uwar Bara'atu. Kin san abin ga."

"Na wuni riƙe da ƙafatai, Malam. In idon mace ka kashe shi, na riga na gama aikin. Matsa."

Ɗangiwa bai matsa ba. Na'iya ne, da ke zaune a bakin ƙofar, ya ja ƙafafunsa ya tashi.

"Ku ba ta hanya," in ji shi.

Kulu ta kai 'yarta har gefen tabarmar, ta zaunar da ita, ta fito ta tsaya a waje, bayanta ga ƙofa. Ba ta ji abin da suka ce wa juna ba, ba ta kuma tambaya ba.

Bube bai kai Jumma'a ba.

A wurin zaman makoki abu biyu aka yi ta faɗa. Ana cewa da mai ciki ba ta shiga ba da ya tashi. Ana kuma cewa Kebbe ba ta taɓa haifar yaro mai kunya irinsa ba, abin ƙasa ya sare shi gaban surukarsa ko uffan bai ce ba, Allah ya ba mu 'ya'ya haka. Bakin da ya faɗi wannan shi ke faɗin wancan. Askar kuwa babu wanda ya ambata. Na'iya ya wuce kasuwa ta gaba, bai ƙara fito da baƙin dutsen ba, amma bai yar da shi ba.

Bara'atu ba ta haihu ba tukuna, majanyi kuma babu. Kulu ta nemi auduga ta zauna a tsakar gida tana kaɗi. Tana nan zaune da hantsi Malami, ƙanen Bube, ya shigo gaishe ta. Daga gonar tudu yake, ya je ya ƙarasa shukar. Yana hango ta ya tsaya, ya sunkuya zai tuɓe takalmi.

Ta ajiye mazari. Wannan karon ba ta nemi ɗan aike ba, ta dube shi a ido.

"Malami, bar su ƙafarka. Ba kara nika yi maka ba. Da gaske nike."

"To, Inna," in ji shi.

Ya tuɓe su, ya ajiye a gindin bango, ya tako ƙasa mai zafi ya durƙusa.